Me ya sa na'urar auna zafin kindirmo ke daina aika saƙo?

Mai haɗa yogot na sayarwa a unguwar Television da ke kudancin birnin Kaduna ya san cewa ribarsa ta rataya ne a kan zafin madara. Ƙwayoyin da ke sa ta kama sun fi aiki tsakanin digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salsiyos. Idan ta huce da tsakar dare, sai a wayi gari tanki guda bai kama ba.

Wannan ne amfanin ƙananan na'urorin da ke auna zafi su aika wa wayar mai kaya ta Wi-Fi ko Bluetooth. Sai dai sau da yawa saƙon kan yanke, mutum ya ɗora wa rauta laifi, har ya sayi wata mai tsada. Galibi matsalar tana wurin da aka ajiye na'urar.

Yawancin irin waɗannan na'urori suna aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4. Ruwa na shanye wannan sigina, madara kuwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce. Ƙarfe kuma mayar da ita yake yi baya. Wanda ya jefa na'ura cikin tankin ƙarfe, ya rufe, ya kulle ƙofar shago ta ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, ya yi mata kurkuku da hannunsa.

Gyara mafi araha shi ne a raba aikin biyu: a tsoma tsinken awo mai doguwar waya, irin DS18B20 da ruwa ba ya shiga, cikin madara, a kafa akwatin da ke ɗauke da eriya a bango, sama da tankin. Ita ma rauta a ɗaga ta sama, a matso da ita, domin ko a fili babu shinge, ninka nisa sau biyu na mayar da ƙarfin sigina kashi ɗaya cikin huɗu. A tabbatar zangon 2.4 a kunne yake, tunda allon ESP32 na asali ba ya jin gigahaz 5.

Idan gida da shago sun yi nisa, fasahar LoRa kan kai kilomitoci da ɗan batir. Sannan a haɗa rauta da batir ko sola, domin da an ɗauke wuta saƙon ya tsaya, ko da na'urar na ci gaba da awo.