Uwargida, Kafin Bazara Ta Shigo, Ki Zauna Da Kanki

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, wanda ya ratsa Birnin Kudu da sassafe zai ga garin kamar an lulluɓa masa mayafi. Duwatsun nan masu tsofaffin zanen shanu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da ƙyar ake hango su, rana kuma sai hantsi take iya keta hazo. Yawancin ƙurar ma baƙuwa ce, iska ke kwaso ta tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. A ƙauyukan Gwaram gero da dawa sun shiga rumbu, an kaɗe riɗi, gonaki sun yi tsit sai shanun da ke kiwo a cikin kara. In ban da masu fadama, wannan ne kaɗai lokacin da gona ba ta kiran kowa.

Na san me za ki ce: wane hutu? Maigida ya tafi cin rani, yara na fama da tari da mura, ga dafa ruwan wanka, ga kaushi, ga biki kowane mako da ankonsa. Gaskiyarki. Hunturu bai rage miki aiki ba. Abin da ya ba ki ɗan ƙarami ne: rabin awar nan ta bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ya danne yara cikin bargo, kin hura wuta kin ɗora tukunya, gidan duk shiru. A bazara ba ki samunta, zafi ke tashin kowa. A damina kuwa ba a magana. Ki ajiye wayar nan da kike karanta mu a ciki, ki zauna a bakin murhu. A tsakar gida ko kicin mai iska fa, kada ki shigar da garwashi ɗaki ki rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Fara da rumbu, domin damuwar uwa da yawa daga can take tasowa. Daga Janairu zuwa fitowar sabon gero a Satumba wata 8 ne. Dami nawa ko buhu nawa ke ƙasa, kwano nawa gidan ke ci a rana? Hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada a tsakiyar damina. Buhun da aka fitar yanzu don anko ko gudummawa, shi za a sake saye a watan Agusta da kuɗi mafi yawa, in ma akwai kuɗin. Ba cewa aka yi ki yanke zumunci ba, amma ba kowane biki ne sai da sabon ɗinki ba. In kin gama lissafin, ki faɗa wa maigida adadin ƙarara, ko ta waya ce. Tsoron da ke da lamba ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda ke yawo a ƙirji ba suna.

Sai abin da ya fi rumbu nauyi. Akwai wadda zazzaɓi ya ɗauke wa yaro a damina, aka yi zaman makoki kwana uku, aka ce ta yi haƙuri, washegari ta koma surfe da kai abinci gona. Ba ta samu ta yi kukanta ba. Akwai wadda wata kalma ta uwar miji ko ta abokiyar zama ke cinta tun kafin girbi, tana murmushi a kai. Irin wannan ba ya narkewa don an ƙi kallonsa, sai dai ya fito ta wata hanya: tsawa ga yara, ciwon kai, rashin barci. A wannan shirun ki kira abin da sunansa, ki kai shi gaban Ubangijinki, sannan ki yanke: wannan na yafe, wannan kuwa sai an zauna an yi magana. Ki nemi mutum guda mai riƙe sirri, yaya ko gwaggo, ba zauren WhatsApp ba.

Amma ki lura. In baƙin ciki ya wuce mako 2 kullum yana nan, abinci ba ya shiga, abin da ke faranta miki a da ya daina, musamman bayan haihuwa, to wannan ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da magani. Ba raunin imani ba ne. Ki je asibitin da ke kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ki faɗa wa likita yadda kike ji ba rufa-rufa. In tunanin cutar da kanki ko jaririnki ya zo miki, ranar za ki faɗa wa wani, ba gobe ba.

Lokacin ba shi da tsawo. Da Maris ya kama zafi zai fara hawa har ya haura digiri 40 a Afrilu, rijiyoyi su ja baya, a shiga sharar gona da kai taki. A 'yan shekarun nan kuma Ramadan yana zuwa ne a ƙarshen sanyi, da hidimar sahur da buɗa-baki a wuyanki. In akwai ramuwar azumi a kanki ta jego ko ta al'ada, yanzu yini ya fi gajarta, ƙishirwa ba ta damu. Ki ƙirga kwanakin tun yau, ki fara da Litinin mai zuwa.