Turkiyya Tsakanin NATO da Rasha: Yadda Ankara Ke Ciniki da Matsayinta

Shirin musamman na yau zai duba manufofin Turkiyya a kan harkokin waje, musamman yadda ƙasar da ta shafe fiye da shekara 70 a cikin NATO, wato ƙawancen soja da Amurka da ƙasashen yammacin Turai suka kafa a 1949 domin tinkarar Tarayyar Soviet, ta zama kuma mai sayen makamai da iskar gas daga Rasha, alhali ba ta fita daga ƙawancen ba. Masu sharhi da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin alamar cewa Turkiyya ta juya wa Yamma baya, amma wanda ya bi tarihin al'amarin daga tushe zai tarar cewa ba sheƙa ta sauya ba, ciniki take yi da matsayinta, kuma darajar wannan matsayi ta dogara ne a kan zamanta cikin ƙawancen da ake zaton tana neman barinsa.

Tushen al'amarin yana ga inda ƙasar take zaune. Duk jirgin ruwan da zai fito daga Bahar Aswad zuwa Bahar Rum dole ne ya ratsa ta mashigai biyu, Bosfor wanda ya raba birnin Santambul gida biyu, da kuma Dardanel, kuma dukansu suna cikin ƙasar Turkiyya. Yarjejeniyar Montreux ta 1936 ta damƙa wa Turkiyya ikon lura da waɗannan mashigai, ta tabbatar wa jiragen kasuwanci 'yancin wucewa a lokacin zaman lafiya, sannan ta ba Ankara damar hana jiragen yaƙin ƙasashen da ke yaƙi da juna wucewa. Ga Rasha, wadda ta gwabza da Daular Usmaniyya sau da dama a cikin ƙarnoni, wannan ita ce ƙofarta ta zuwa Bahar Rum, shi ya sa bayan Yaƙin Duniya na Biyu shugaban Soviet Stalin ya nemi a ba shi hannu a tsaron mashigan, ya kuma yi da'awar lardunan Kars da Ardahan na gabashin ƙasar. Wannan matsin lamba ne ya sa jamhuriyar da Mustafa Kemal Ataturk ya kafa a 1923, wadda ta ƙi shiga yaƙin har sai da ya zo ƙarshe, ta nemi inuwar Amurka, ta aika sojojinta Koriya a 1950, aka karɓe ta cikin NATO a 1952 tare da Girka.

Sai dai ƙawancen bai daɗe ba ya fara barin tabo a zukatan shugabannin Turkiyya. A lokacin rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962, Amurka ta amince a asirce da Soviet cewa za ta kwashe makamanta samfurin Jupiter da ta girke a Turkiyya, ba tare da ta nemi shawarar Ankara ba. A 1964 kuma, da Turkiyya ta yi haramar tura sojoji tsibirin Saifurus, Shugaba Lyndon Johnson ya aika wa Firaminista Ismet Inonu wasiƙar da ta nuna cewa NATO ba lallai ta kare Turkiyya ba idan wannan mataki ya jawo mata harin Soviet. Da ta tura sojojin a 1974, majalisar dokokin Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin sayar da makamai wanda ba a ɗage ba sai a 1978. Daga waɗannan abubuwa uku ne manyan sojoji da jami'an diflomasiyyar ƙasar, waɗanda akasarinsu masu ra'ayin raba addini da mulki ne, suka ɗauki darasin cewa babban aboki yana iya yin watsi da ƙarami ranar da buƙatunsu suka saɓa, kuma wannan shakku ya girmi Shugaba Recep Tayyip Erdogan da jam'iyyarsa ta AKP da shekaru masu yawa.

Da AKP ta ci zaɓe a ƙarshen 2002, ta fara ne da neman shiga Tarayyar Turai da gaske, har aka buɗe tattaunawar shigar a 2005, amma tattaunawar ta yi ta tafiyar hawainiya saboda batun Saifurus da adawar wasu shugabannin Faransa da Jamus, daga baya kuma ta tsaya cik saboda koma bayan da aka samu a fannin 'yancin jama'a da shari'a a cikin Turkiyya kanta. A wannan zamani ne Ahmet Davutoglu, malamin jami'ar da ya zama ministan harkokin waje a 2009, ya yaɗa manufar da ke cewa kada a bar wata matsala tsakanin Turkiyya da maƙwabtanta, bisa hujjar cewa ƙasar da ta gaji Daular Usmaniyya bai kamata ta zauna a matsayin mai gadin iyakar Yamma kawai ba. Yaƙin basasar Siriya da ya ɓarke a 2011 shi ne ya rusa wannan buri, domin Ankara ta mara wa masu adawa da Shugaba Bashar al-Assad baya da tsammanin zai faɗi da wuri, sai ya ƙi faɗuwa, aka wayi gari Turkiyya tana ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan 3 da rabi. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yadda Amurka ta zaɓi mayaƙan Kurdawa na YPG su zama abokan yaƙinta da ƙungiyar IS, alhali Ankara tana kallonsu a matsayin reshen PKK, ƙungiyar da ta ɗauki makami a kan gwamnatin Turkiyya a 1984.

A nan ne dangantaka da Rasha ta yi juyin da ya ba kowa mamaki. Ranar 24 ga Nuwamban 2015 jiragen yaƙin Turkiyya suka kakkaɓo wani jirgin yaƙin Rasha a kan iyakar Siriya, Mosko ta mayar da martani da takunkumin da ya taɓa masu noman tumatir da masu otal-otal na gaɓar teku, har sai da Erdogan ya aika da wasiƙar nuna takaici a tsakiyar 2016. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Yuli, wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulkin da ya ci rayuka kimanin 250, gwamnati ta ɗora alhakin a kan mabiyan Fethullah Gulen, malamin da ke zaune a Amurka, wanda Washington ta ƙi miƙa shi har ya rasu a 2024. Shugaban Rasha Vladimir Putin ya yi gaggawar nuna goyon baya, yayin da a ganin Ankara ƙasashen Yamma suka yi sanyin jiki, kuma ko kisan jakadan Rasha Andrei Karlov a Ankara a watan Disamban wannan shekara bai hana ƙasashen biyu ci gaba da kusantar juna ba. A 2017 Turkiyya ta ƙulla cinikin na'urorin kakkaɓo jirage da makamai masu linzami samfurin S-400 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2 da rabi, kuma da kashin farko ya sauka a Yulin 2019, Amurka ta cire ta daga shirin ƙera jirgin yaƙin F-35, wanda masana'antun Turkiyya suke haɗa wasu sassansa, sannan ta sa wa hukumar sayen makamanta takunkumi a Disamban 2020. Da wuya a ce wannan ciniki ya yi riba, tun da ƙasar ta rasa jirgin da ta riga ta zuba kuɗi a kansa, ta samu na'urar da ba za a iya haɗa ta da tsarin tsaron NATO ba.

Duk da haka kuskure ne a kira abin da ke tsakanin Ankara da Mosko ƙawance. A lardin Idlib na Siriya, harin sama ya kashe sojojin Turkiyya fiye da 30 a Fabrairun 2020, a sararin samaniyar da ke ƙarƙashin ikon Rasha da gwamnatin Assad. A Libiya, Turkiyya ta tsaya wa gwamnatin Tarabulus har ta kori dakarun Khalifa Haftar da sojojin hayar Rasha ke taimaka wa, a yaƙin Karabak na 2020 kuma ta mara wa Azabaijan baya a yankin da Rasha ta daɗe tana ɗauka a matsayin bayan gidanta. Abin da ke hana gogayyar ta zama gaba shi ne buƙata, domin Rasha ce ta fi kowa sayar wa Turkiyya iskar gas, kamfaninta na Rosatom ne kuma ke gina tashar nukiliyar Akkuyu a lardin Mersin.

Yaƙin Yukren ya nuna iyakar amfanin wannan raba ƙafa. Turkiyya ba ta taɓa amincewa da mamaye Kirimiya da Rasha ta yi a 2014 ba, ta sayar wa Yukren jirage marasa matuƙa samfurin Bayraktar TB2, kuma kwanaki kaɗan da fara yaƙin a Fabrairun 2022 ta yi amfani da yarjejeniyar Montreux ta rufe mashigan ga jiragen yaƙi. Amma ta ƙi shiga takunkumin da Yamma ta ƙaƙaba wa Mosko, kasuwancinta da Rasha ma ya ƙaru. Saboda ɓangarorin biyu suna iya zama da ita, ita da Majalisar Ɗinkin Duniya suka samar da yarjejeniyar fitar da hatsi ta Yulin 2022, wadda a ƙarƙashinta aka fitar da kusan tan miliyan 33 na abinci kafin Rasha ta janye bayan shekara guda. Wannan shi ne aikin da ya fi cancantar yabo a cikin dukan abin da diflomasiyyar Ankara ta yi a 'yan shekarun nan, domin ya taimaka wajen sassauta farashin alkama da masara a lokacin da talakawan ƙasashe masu shigo da abinci suke cikin matsi.

A cikin NATO kuwa, inda ba a karɓar sabuwar ƙasa sai dukan mambobi sun yarda, Ankara ta riƙe buƙatar Finlan da Swidin, tana zargin Swidin musamman da ba magoya bayan PKK mafaka. Finlan ta shiga a Afrilun 2023, Swidin kuwa sai da majalisar Turkiyya ta amince a Janairun 2024, kuma cikin 'yan kwanaki Amurka ta amince da sayar wa Turkiyya jiragen F-16. Ƙasar da ba ta cikin ƙawancen ba za ta iya irin wannan ciniki ba, haka kuma Putin ba zai damu da lallashin Erdogan ba in da Turkiyya ba ita ce mai rundunar soja ta biyu mafi yawa a NATO ba, mai masaukin sansanin sojin sama na Incirlik.

Abin da ke taka wa wannan 'yanci burki shi ne tattalin arziki. Lokacin da darajar kuɗin lira ta zube, hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022, gwamnati ta nemi sulhu da ƙasashen da ta yi shekaru tana takun saƙa da su, wato Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya da Masar. A 2022 kotun Turkiyya ta miƙa wa Saudiyya shari'ar kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi, wanda aka kashe a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Santambul a 2018, kuma abin takaici ne a ce haƙƙin jinin mutum ya shiga cikin kayan da ake sasantawa a kansu saboda neman jari. Haka nan, duk da halartar taron BRICS, ƙungiyar ƙasashen da Rasha ke cikinta, da Erdogan ya yi a birnin Kazan a 2024, Tarayyar Turai ce har yanzu babbar kasuwar kayan Turkiyya. A Afirka ma salon bai bambanta ba, inda ofisoshin jakadancinta suka tashi daga 12 a farkon mulkin AKP zuwa fiye da 40, ta kafa sansanin horar da sojoji a Mogadishu a 2017, ta sayar wa Nijar jiragen Bayraktar, kuma ta ci gaba da hulɗa da Yamai bayan juyin mulkin 2023 a daidai lokacin da Faransa da Amurka ke kwashe sojojinsu.

Faɗuwar Assad ranar 8 ga Disamban 2024 ta sake sauya lissafi, domin mutumin da Rasha da Iran suka riƙe shekara da shekaru ya tsere zuwa Mosko, sabbin shugabannin Dimashƙa kuma suna da kusanci da Ankara, har ya zama dole Rasha ta tattauna da su a kan makomar sansanoninta na Tartus da Hmeimim. Amma wannan nasara ta zo da nauyinta: sake gina ƙasar da yaƙi ya ragargaza domin 'yan gudun hijira su iya komawa gida, daidaita makomar Kurdawan arewa maso gabas, da kuma zama kusa da Isra'ila, wadda Turkiyya ta dakatar da kasuwanci da ita a Mayun 2024 saboda yaƙin Gaza, wadda kuma ta tura sojojinta cikin kudancin Siriya a makon da gwamnatin Assad ta rushe.