Iyaye, Ga Abin Da Ke Jiran 'Ya'yanku Cikin Shekarar Karatun Firamare

Kowace shekara idan watan Satumba ya kama, za ka ga iyaye sun cika shagon tela da rumfunan masu sayar da littattafai, ana ɗinka kayan makaranta, ana cinikin jaka da takalmi. Amma da zarar yaro ya shiga aji, sai da yawa daga cikinmu mu naɗe hannu, ba a sake jin ɗuriyarmu sai ranar karɓar sakamako a watan Yuli. To, 'yan'uwa cikin Kristi, manomin da ya yi shuka bai koma ya yi noma ba, kada ya ga laifin rumbu. Shi ya sa ya kamata mu san yadda shekarar take tafiya, da wuraren da yara suka fi yin tuntuɓe.

Da farko mu san haƙƙinmu. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, wato shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma tilas ne. Har ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa. Yaro yakan shiga aji ɗaya yana da shekara shida, saboda haka a tafi da takardar haihuwarsa, a kuma tabbatar an rubuta sunansa daidai cikin rajista, domin kuskuren da aka yi a ranar farko yakan bi mutum har takardar shaidar gama makaranta. Idan aka nemi wani kuɗi, a tambayi hedimasta na mene ne, a kuma karɓi rasit.

Shekarar karatu zango uku ce, kowane zango mako goma sha biyu ko sha uku, kowace jiha kuma tana fitar da ranakunta. Zangon farko yana farawa a Satumba ya ƙare dab da Kirsimeti. A nan ne ake kafa harsashin duk abin da za a koya cikin shekara, a nan ne kuma kaka take kamawa. Ana girbin gero da masara, ana cirar gyaɗa, ana roron wake, daga baya a shiga yankan dawa. Uba sai ya ce yau kaɗai yaro ya bi shi gona, uwa kuma ta ce ran kasuwa kaɗai yarinya ta ɗaukar mata talla. Mu yi lissafi. Yaron da yake fashin rana ɗaya kowane mako, a zango ya rasa kwana 13, a shekara kwana 39, wato kusan mako takwas na karatu ke nan. Bugu da ƙari, malamai suna yin ƙananan gwaje-gwaje cikin zango, makinsu kuma yana shiga sakamakon ƙarshe. Wanda ba ya nan ranar gwaji ya yi asara tun kafin babbar jarrabawa.

Zango na biyu yana kamawa daga Janairu zuwa wajen Ista. Farkonsa hunturu, ƙarshensa bazara. Sanyin safiya yakan sa yara makara, ga mura da tari, saboda haka a tanadi rigar sanyi, a kuma ga yaro ya sa wani abu a ciki kafin ya fita, ko da koko ne, gama cikin da ba kowa ba ya riƙe karatu. Idan zafi ya shigo, lokacin sanƙarau da ƙyanda ya yi. Yaron da ya kwana da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa kuma ya sanƙare, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Zango na uku kuwa, daga ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zuwa Yuli, shi ne na jarrabawar wucewa aji na gaba. Cikinsa ake bikin Ranar Yara ran 27 ga Mayu, inda yara suke yin fareti. Damina ta sauka, hannu ya yi ƙaranci a gona, rafi yana cika ya tare hanya, sauro kuma ya kawo zazzaɓin cizonsa. A sa yara su riƙa kwana cikin gidan sauro. Mai ɗa a aji shida kuma, idan yana so ya nemi kwalejin gwamnatin tarayya, ya tambayi makaranta tun da wuri yadda ake rajistar jarrabawar shiga da hukumar NECO take shiryawa.

Akwai kuma batun addini, wanda yake damun iyaye da yawa a wuraren da Kirista ba su da yawa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan kariya ta kowa ce, Kirista da Musulmi. Idan makaranta ba ta da malamin addinin Kirista, a kai maganar gaban hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai cikin ladabi da lumana, makarantar Lahadi kuma ta ƙara himma.

To, yaya uba zai gane ko shekarar ta yi albarka? Kada mu ruɗu da cewa yaro ya zo na uku ko na biyar. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma azuzuwa da yawa sun ninka haka, yaro kuwa yana iya haddace abin da ake rerawa a aji alhali bai san baƙi ko ɗaya ba. Ga gwaji mai sauƙi. Bayan addu'ar yamma, a buɗe masa shafin da bai taɓa gani ba, ya karanta layi uku da ƙarfi, sa'an nan ya faɗi abin da ya fahimta. A aike shi sayen gishiri, ya lissafa canji da kansa. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya buɗe littafin rubutunsa ta ga ko akwai jan biron malami a ciki. Idan an ga rauni, a je a ga malami tun zangon farko, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga ƙarshe, ina kira ga dattawan ikkilisiya da zumuntar mata da matasanmu masu ilimi, su keɓe yamma ɗaya ko biyu a mako domin koya wa yara karatu a majami'a, su kuma tuna da marayu wajen littafi da fensir. Timoti ya san Littattafai tun yana ƙaramin yaro, bangaskiyarsa kuwa a gida ya same ta, wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon wannan amana, ya kuma kiyaye 'ya'yanmu da malamansu. Amin.