Babbar Kasuwar Jos: Idan an sake gina ta, a hannun wa za ta kasance?

Sama da shekara 20 ke nan da gobara ta cinye Babbar Kasuwar Jos, wadda aka fi sani da Kasuwar Taminus, kuma har yau ba ta dawo ba.

Gobarar ta tashi ne a watan Fabrairun 2002, wata biyar bayan rikicin Satumban 2001 da ya girgiza birnin. Gwamna Joshua Dariye ya gama wa'adinsa, Jonah Jang ya yi shekara takwas, Simon Lalong ma ya yi takwas, duk ba a mayar da ginin ba.

Akan ɗora laifin a kan rashin kuɗi. Sai dai abin da ya faru a 2022 ya nuna cewa ko kuɗin sun samu, akwai tambayar da ba a amsa ba: wa zai riƙe kasuwar, kuma wa zai raba shaguna?

Kasuwar da ta haɗa kowa

An faro aikin kasuwar tun zamanin gwamnan soja Joseph Gomwalk, aka buɗe ta a 1985. A lokacin ana lissafa ta cikin manyan kasuwanni masu rufi a Afirka ta Yamma.

Birom da Anaguta da Afizere da Hausawa da Ibo da Yarbawa duk sun yi saye da sayarwa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Bayan gobarar, da yawa daga cikin 'yan kasuwar sun koma kasa kaya a bakin titi da rumfunan wucin gadi a kewayen kangon.

A wannan cunkoso ne tagwayen bama-bamai suka tashi ranar 20 ga Mayun 2014, inda sama da mutum 100 suka rasu.

Yarjejeniyar da ta tsaya a takarda

A 2022 gwamnatin Lalong ta sanar da shirin sake gina kasuwar tare da Bankin Jaiz. Aikin zai ci sama da naira biliyan 9, za a samar da shaguna sama da 4,000.

Bisa tsarin, ɓangaren bankin zai samu kashi 60 cikin 100 na shagunan don ya mayar da kuɗinsa, gwamnatin jiha ta riƙe kashi 40, sannan bayan shekara 40 komai ya koma hannun jiha.

Nan da nan aka fara ce-ce-ku-ce. Wasu ƙungiyoyin addini da na ƙabilu da 'yan siyasa sun ce ba a tuntuɓi jama'a ba, kuma wa'adin ya yi tsawo. Wasu sun nuna fargabar cewa ɓangare ɗaya ne zai mamaye shagunan. Gwamnati ta dage cewa harkar kasuwanci ce zalla, kuma kowa na da damar mallakar shago.

Magana ta kai kotu. Lalong ya sauka a Mayun 2023 ba a fara ginin ba.

Duk ɓangaren da mutum ya goya wa baya, gardamar ta koma wuri ɗaya: jama'a ba su ga wata hukuma da kowa ya yarda da ita ba, wadda za a danƙa wa rabon shagunan.

Me doka ta ce?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kafa kasuwanni da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da tashoshin mota da mayanka. Ta wannan fuska, Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa na da ta cewa.

Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna. Kuma gina kasuwa ta biliyoyin naira ya fi ƙarfin asusun yawancin ƙananan hukumomi. Shi ya sa manyan kasuwannin birane suka koma hannun jihohi.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake tayar da batun iyakar ikon kowane ɓangare.

Hannu huɗu, kowane da matsalarsa

Na farko shi ne gwamnati ta riƙe da kanta. Kuɗin haya kan yi sauƙi, amma kuɗin shiga na tafiya babban asusu, su daɗe kafin su dawo gyaran wayar lantarki ko magudanar ruwa. Shago kuma kan zama kyautar siyasa, wanda aka ba shi ya sake bayar da haya da tsada.

Na biyu shi ne kamfani mallakar gwamnati. Haka aka yi a Abuja, inda kamfanin AMML ke kula da Kasuwar Wuse, da Kaduna, inda kamfanin KMDMC ke kula da kasuwannin jihar. Wannan na kawo tsari wajen karɓar kuɗi, sai dai shugabanninsa na amsa wa wanda ya naɗa su ne. Bayan rushe Kasuwar Barci a Kaduna a 2020, tsofaffin masu shaguna sun yi ta kokawa cewa farashin sababbin ya fi ƙarfinsu.

Na uku shi ne mai zuba jari. Yakan kawo kuɗi da sauri, amma dole ya ci riba, kuma mai sayar da tumatir a tire ba ta cikin lissafinsa idan yarjejeniya ba ta ambace ta ba.

Na huɗu shi ne 'yan kasuwar da kansu. Sun san kowane layi da kowane ɗan dako, kuma tun zamanin sarkin kasuwa suke sasanta rikicinsu. Amma ƙungiya kan kare 'ya'yanta, sabon shiga ya sha wuya, manyan diloli su danne ƙanana.

Yadda wani birni ya warware tasa

Birnin Seattle na Amurka ya taɓa shiga irin wannan gardama kan kasuwar Pike Place, wadda aka buɗe a 1907. Da aka so rushe yawancinta don gina otal da benaye, mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'a a 1971 cewa a bar ta.

A 1973 aka kafa hukuma ta musamman don gudanar da ita. Majalisar hukumar na da mutum 12: magajin gari ya naɗa huɗu, zauren jama'a masu rajista ya zaɓi huɗu, majalisar kanta ta zaɓi huɗu. Babu ɓangaren da ke da rinjaye shi kaɗai.

Wani kwamiti na daban ne ke amincewa da irin sana'ar da za a yi a kowane shago. Masu sana'ar hannu kuma na zaɓar teburinsu kowace safiya bisa daɗewarsu a kasuwar, a gaban kowa.

Duk da haka tsarin ya taɓa tuntuɓe. A shekarun 1980 hukumar ta sayar wa wasu masu jari daga New York haƙƙi a gine-ginen, daga baya suka nemi karɓe iko. Sai da aka je kotu kafin a sasanta a farkon shekarun 1990.

Tun ran gini, tun ran zane

Jos ba Seattle ba ce, amma akwai abubuwan da za a iya rubutawa a doka kafin a aza tubali.

Fili da gini su ci gaba da zama na jama'a. Mai jari ya karɓi kuɗinsa da ribarsa, amma kada a ba shi ikon zaɓar wanda zai shiga shago.

Majalisar gudanarwa ta haɗa wakilan jiha da ƙaramar hukuma da zaɓaɓɓun 'yan kasuwa, har da mata masu tebur, tare da wa'adin da ba ya ƙarewa da na gwamna.

A fitar da rajistar waɗanda gobarar 2002 ta shafa ko magadansu, a liƙa ta a fili, a ba da lokacin ƙorafi. Sauran shagunan a raba su ta ƙuri'a a bainar jama'a, tare da ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai iya mallaka.

A ware wani kaso na haya a asusun da ba a taɓawa sai don gyara da inshora da kayan kashe gobara, a kuma buga bayanin kuɗin kowace shekara.

A birnin da unguwanni suka rabu bisa addini tun bayan 2001, kasuwa na cikin wuraren da suka rage inda kowa ke haɗuwa da kowa. Idan aka gina ta ba tare da ƙa'idar rabon da kowa ya gani ya yarda ba, gardamar 2022 za ta dawo ranar miƙa makullai.