Kuɗin Dangi da Ma'aunin Samun Gida: Ina Matsayin Manomin Watari?

A Ingila, wanda ajiyarsa ta haura fam 16,000 yakan rasa tallafin biyan haya, ko da gado ne ya kawo masa kuɗin. A Amurka ma, idan iyaye ko asusun amana na iyali suna ba mutum kuɗi a kai a kai, hukumar gidaje tana lissafa su cikin samunsa, har su iya fitar da shi daga sahun masu ƙaramin ƙarfi. Can, kuɗin dangi kan sa a ce mutum ya wuce taimako. A nan ƙasarmu kuwa ba a ma ganinsu, sai a ce mai su bai kai ba.

Mu ɗauki yankin Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai a Jihar Kano, inda madatsar ruwa ta sa ana noma rani da damina. Magidanci a nan da wuya ya ci daga hanya guda. Akwai hatsin gandu da ake nomawa tare, da 'yar gayaunarsa, da tumatir ko albasar da zai kwashe a rani. Ga kuma ƙane a Legas ko Fatakwal da ke turo wani abu, a je wurin mai POS a cire, a sayi taki, ragowar a zuba adashi. Idan aka tara, sau da yawa bai gaza ƙaramin ma'aikaci ba. Sai dai babu takardar da ta shaida haka.

Tsarin gwamnati kuwa takarda ya sani. An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, ƙarƙashin kulawar Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, bayan wata shida ya cancanci neman lamuni mai ruwan kashi 6 cikin 100, da za a iya biya har shekara 30. Ba a hana mai sana'ar kansa shiga ba, amma sai ya nuna samu tabbatacce wanda ke shigowa kowane wata. Manomi kuwa lissafinsa na kaka ne, aiken ɗan'uwa kuma alheri ne, ba wanda ya sa hannu cewa zai ɗore.

Sai batun fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Banki yana son jingina mai takardar mallaka. Gidan gado kuwa yakan yi shekaru ba a raba ba, shaidarsa dagaci da mai unguwa da maƙwabta. Shi ya sa mutanenmu suke gini irin nasu: bana a buga bulo, baɗi a ta da bango, idan albasa ta yi kuɗi a sayi kwano. Ga shi kuma da yawa ba za su kusanci bashi mai ruwa ba, komai sauƙinsa.

Ba a ce a rufe ido ga dukiyar dangi ba. Fiƙihunmu ya daɗe da warware wannan: wanda ciyar da shi ya wajaba a kan mawadaci, kuma ana ciyar da shi, ba ya cikin matalautan da za a ba zakka. Kyautar da ta zo sau ɗaya kuwa ba ta mai da talaka mawadaci. Haka wanda ke cin amfanin hubusin iyali, kamar hayar shaguna da kaka ya tsayar wa zuriya, ya kamata ya bayyana, don kada ya tare wa marar gata wuri. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, ba sai an je nesa neman ma'auni ba.

Abin da ya rage shi ne a gyara awon. A karɓi tarihin kuɗin da ke shiga asusun mutum a shekara, har da aiken 'yan'uwa. A amince da tsayawar ƙungiyoyin manoma. A daidaita biya da lokacin girbi. A ba da kayan gini ta hanyar ciniki marar ruwa, wanda bankuna irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suka riga suka saba da shi.

Mu kuma a namu ɓangaren, a raba gado a kan lokaci kuma a rubuta, a nemi takardar fili, a riƙa bi da kuɗi ta asusu. Hukumomin gidaje su sani cewa muddin takardar albashi ce kaɗai shaida, manomin Watari zai ci gaba da jin labarin gidaje masu sauƙi a rediyo kawai.