Maganar Baurin Dawa

Mu 'yan hatsi muna jan hankalin dillalan Babbar Kasuwar Katsina da masu sayo kaya daga Dandume da Funtuwa kan maganar bauri.

Baurin nan da ke kama harshe in an tauna wata dawa, masana na ce masa tanin. Shi ne dai ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ya sa iyayenmu ke jiƙa ta don tsai da zawo. Yadda yake kama fata, haka yake kama abin gina jiki a cikin ciki, ya kuma tare sinadarin ƙarfe da jini ke bukata. Kajin da aka yawaita wa irin wannan dawa ba su girma da wuri. Amma manomi na son ta, don janbaki na ƙyamar ta tana ɗanya, kuma ba ta saurin fumfuna.

To, ga inda ake cutar masu kawo kaya: ba kowace jar dawa ke da bauri ba. Ja ɗin wani sinadari ne daban, filabonoyid, dangin na karan dafi da zoɓorodo. Shi bauri ƙarƙashin fatar ƙwaya yake. Kafin ka karya farashi, Malam dillali, kankare ƙwaya goma da wuƙa. In ruwan ƙasa ya fito a ƙarƙashi, akwai shi. In fari ne, biya mutum kuɗinsa cif. Mai baurin ma, surfe da jiƙo cikin ruwan toka na rage shi ƙwarai.