Taswirar Zuciya: Kowace Jijiya da Yankinta

Jini na ratsa ɗakunan zuciya dare da rana, amma ba daga nan tsokarta take ci ba. Jijiyoyi biyu ne da suka fito daga gindin babbar jijiyar jiki suke shayar da ita, kowace da filinta, kamar magudanan ruwa a gonakin noman rani.

1. Rabon aiki. Ta hagu ta rabu biyu. Reshen da ya gangaro ta gaba, wanda likitoci ke kira LAD, shi ke shayar da gaban zuciya da tsininta da kashi 2 cikin 3 na bangon da ya raba ɗakunan ƙasa. Ɗaya reshen ya zagaya gefen hagu. Ta dama kuwa ta ɗauki ɗakin dama na ƙasa.

2. Taswirar ba ɗaya ba ce. A jikin mutum 7 zuwa 8 cikin 10, jijiyar dama ce ke shayar da ƙasan zuciya. A sauran, reshen da ya zagaya gefen hagu ne, ko su yi tarayya.

3. Sai ta saki take sha. Idan ɗakin hagu na ƙasa ya matse, yakan danne jijiyoyin cikin tsokarsa, don haka yawancin jinin yana shiga ne a ɗan tsakanin bugu da bugu. Idan bugun ya yi sauri ainun, wannan tazarar ce ke raguwa.

4. Ba ta da ajiya. Ko mutum na kwance, zuciya na zuƙe kusan kashi 70 cikin 100 na oksijin ɗin da jini ya kawo mata, alhali jiki gaba ɗaya kusan kashi 25 yake ɗauka. Idan aiki ya ƙaru, dole jijiyoyin su buɗe.

5. Ciwon da ke ɓad da kama. Toshewar jijiyar dama kan zo da tashin zuciya da zafi a saman ciki, har a zaci olsa ce. Bugun ma kan yi sanyi, domin a yawancin mutane ita ke shayar da cibiyoyin da ke tsara shi.

6. Takarda na tona asiri. A gwajin ECG, sauyi a layukan II, III da aVF na nuni ga ƙasan zuciya, V1 zuwa V4 kuma ga yankin LAD. A 2002 Ƙungiyar Kula da Zuciya ta Amurka ta kasa ɗakin hagu yanki 17, ta danganta kowanne da jijiyarsa.

7. Kuskuren da ya zama alheri. A 1958, a asibitin Cleveland Clinic, bututun likita Mason Sones ya zame cikin jijiyar dama ta wani majinyaci, ruwan ɗaukar hoto ya shige ta. Zuciyar ta tsaya, Sones ya ce masa ya yi tari, ta ci gaba da bugawa. Daga nan aka fara ɗaukar hoton kowace jijiya ita kaɗai a jikin mai rai.